Kiredi 120, Ko Ɗaya Babu Na Harshen Inna

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai wata takarda a gabana yanzu da nake wannan rubutu. Jadawalin darussan mastar ɗin sadarwa ne na makarantar da nake karatu a Yamai, abin da malamanmu ke ce wa maket. Ba zan kama sunan makarantar ba, don ciwon ya wuce na gida ɗaya. Shafi huɗu ne, kowane zango da shafinsa. Na bi shi daga sama har ƙasa, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Kiredi 120 cif. A cikinsu babu ko ɗaya da zai tilasta mini in buɗe baki in yi aiki da Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Tamajak, ko Barbarci. Wato ana iya miƙo mini takardar da ta ce ni gwani ne wajen isar da saƙo, alhali ba a taɓa gwada ni ko sau ɗaya ba a harshen da mutanen ƙasar nan suke jin saƙo da shi.

Da farko abin bai dame ni ba. Sai da na sha kunya a gida sannan na gane.

Abin da ya same ni a Dakoro

Cikin hutun Disamba na zo gida. Na leƙa wani gidan rediyo na yankinmu don in gaida mutane, kuma, in faɗi gaskiya, don su san cewa ɗan unguwa ya shiga mastar. Shugaban gidan ya yi murna, ya ce Allah ne ya kawo ni. Ya miƙo mini wata sanarwa da aka aiko da Faransanci, ya ce in mayar da ita Hausa, za a karanta bayan sallar isha'i. Sanarwar kan ranar sakin gonaki ce da kiyaye burtali.

Na zauna na zuba basira. Inda aka rubuta libération des champs na sa "ƴantar da gonaki". Inda aka ce couloirs de passage na sa "hanyoyin wucewa". Jimlar da ta ɗauki kwanan wata kuwa na bi ta kalma bayan kalma yadda Bafaranshe ya jera ta, har ta yi layi huɗu ba numfashi.

Akwai wani dattijo a gidan, ya fi shekara ashirin yana gaban makirfo, karatunsa na boko bai wuce firamare ba. Ya karɓi takardar, ya karanta a hankali, ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Ɗana, wa yaɗ ɗamre gonakin ga da za ka ƴanta su?"

Na ce, "Baba, ai haka aka rubuta."

Ya ce, "Haka aka rubuta ma wanda ya yi lakkwal. Mu nan saki muka sani. Kuma dubi nan. Yadda ka sa ta, in makiyayi ya ji da dare, shina iya ɗauka an ce a shigo tun yanzu. Gobe da sahe shanu na cikin gonar da ba a kwashe wake ba. Ka san abin da ka biyo baya?"

Na sani. Duk ɗan Dakoro ya sani.

Da lokaci ya yi ya shiga ya karanta da kansa. Ya faɗi ranar sau uku. Ya faɗe ta da watan bature, ya faɗe ta da watan sama, ya kuma ce saura kasuwa kaza. Ya raba magana biyu: ga abin da ya hau kan manomi kafin ranar, ga abin da ya hau kan makiyayi. Ya kira burtali da sunansa. Bayan shi wani ya maimaita da Fulatanci, wani da Tamajak. Ni mai mastar ina zaune a kan benci ina kallo.

Wanda bai san yankinmu ba zai ce wannan ƙaramin kuskure ne na fassara. To ya sani Dakoro tana bakin iyaka ne. Dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa ta ratsa ta wajenmu, fadamar Tarka na nan, kudu gonaki, arewa makiyaya har Bermo da Gadabeji. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 duk suna magana kan rayuwarmu ta yau da kullum, kuma duk da Faransanci aka rubuta su. A jiharmu ta Maraɗi ne, a Toda, cikin Oktoban 1991, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da ɗari, akasarinsu mata da yara. A wuri irin wannan, kalma ɗaya a rediyo tana iya zama ruwa, tana iya zama fetur. Magana zarar bunu ce. Kuma ni da ake shirin ba takardar ƙwarewa a kan magana, ba a taɓa koya mini wannan aikin ba, ba a kuma taɓa tambayata ko na iya ba.

Mi ke cikin takardar?

Bari in warware wa ƙannenmu da ke lise ko lisansi yadda abin yake, don kada su ce ba a faɗa masu ba.

Tsarin da muke bi shi ne LMD, wato lisansi, mastar, dakta. Asalinsa daga Turai ne, daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999. Ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su rungume shi a 2007, Nijar ta kafa shi da doka a 2010. Lisansi zango 6 ne, kiredi 180. Mastar zango 4, kiredi 120, kowane zango 30. Kiredi guda yana daidai da awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi, har da na aji da na gida. Ku yi lissafi: mastar guda awa 2,400 ce zuwa 3,000 na rayuwar mutum. Darussa a dunƙule suke rukuni rukuni, kowane rukuni sai ka samu 10 bisa 20 kafin a ba ka kiredinsa. In ka faɗi, sai zagaye na biyu.

Kafin ka shiga ana neman lisansi, da dosiye, wani wurin har da jarrabawa ko ganawa. A shekarar farko, a namu jadawalin, akwai ra'ayoyin masana kan sadarwa, dabarun bincike, nazarin al'umma da kafofin labarai, nazarin alamomi, dokokin aikin jarida da ladubbansa, tallata haja, ƙididdiga, kwamfuta, da Ingilishi. A shekara ta biyu ka zaɓi layi: aikin jarida, ko sadarwar ma'aikatu da kamfanoni, ko sadarwa don ci gaban al'umma. Sai sitaj, sai rubuta memuwar, sai ranar kare shi a gaban juri, ka sa kwat cikin zafin Yamai, dangi su zo da lemu.

Ban ce waɗannan darussa banza ba ne. Na amfana da su. Na san tsarin Shannon da Weaver, na haddace tambayoyin nan biyar na Lasswell na 1948, na karanta Habermas har kaina ya yi ciwo. Amma ku dubi wani abu. An koya mana cewa Lazarsfeld da abokansa, da suka yi nazarin zaɓen Amurka na 1940 a wata gunduma ta jihar Ohayo, sun gano saƙo ba ya tafiya kai tsaye daga rediyo zuwa zuciyar mutum, sai ya bi ta bakin wasu da jama'a ke jin maganarsu. Mun rubuta, mun haddace, mun ci jarrabawa. Ba wanda ya ce mana mu tashi mu je Kornaka ko Sakabal mu gano su wane ne waɗannan mutanen a can. Liman ne? Mai gari ne? Ungozoma ce? Sarkin fawa, ko arɗo, ko direban da ke zuwa Maraɗi kullum? Mun san Ohayo ta 1940, ba mu san kasuwar garinmu ta bana ba.

Ingilishi yana cikin jadawalin har zango uku, kuma dole ne. In ka faɗi shi ba ka fita. Harshen da mahaifiyata ke sauraren labarai da shi kuwa ko a jerin darussan zaɓi bai samu gurbi ba.

Da wa za mu yi magana?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi kafin a rubuta kowane jadawali. Likita ana koya masa jikin da zai duba. Mai koyon noma ana kai shi gona. Mai koyon sadarwa fa, wa zai yi wa magana?

Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci da kanta, a ƙiyasinta na 2022, ta ce masu jin Faransanci a Nijar kashi 13 ne cikin 100. Manyan da suka iya karatu da rubutun boko ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Fiye da rabin ƴan ƙasa Hausa ce harshensu na farko, wasu da yawa kuma suna jin ta a kasuwa da tasha. To awa dubu biyu da ɗari huɗu ana gyara mu don mu yi magana da mutum 13, sauran 87 kuma a bar su ga wa?

An bar su ga irin dattijon nan na rediyo, wanda ya koya da kansa, ba takarda, ba albashin kirki. An bar su ga duk wanda ya iya danna waya ya aika murya a WhatsApp. Yau jita-jita da Hausa take yawo, cikin murya mai daɗi, daga waya zuwa waya, tun daga Kano har rugar da ke bayan Bermo. Martanin hukuma kuma sai ya fito bayan kwana uku, da Faransanci, a takarda mai tambari. Wa kuke jin zai yi nasara?

Mun ga irin wannan. A 2003 jita-jita kan allurar shan inna ta sa jihar Kano ta dakatar da rigakafi kusan shekara guda, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, mu ma da ke maƙwabtaka ba mu tsira ba. Abin da ya dawo da mutane shi ne zama da sarakuna da malamai, da magana a zaure da masallaci da rediyo, cikin harshen da uwar yaro ke ji. Wannan darasi ne na sadarwa da ya faru a ƙofar gidanmu, ya isa a yi zango guda ana nazarinsa.

Abin haushin shi ne ƙasar nan ta taɓa zama gaba a wannan fage. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar: mutanen ƙauye su taru su saurari shiri, su tattauna, a ɗauki muryarsu a mayar gidan rediyo. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Daga rediyon Bankilare a ƙarshen shekarun 1990, gidajen rediyon al'umma sun bazu ko'ina cikin ƙasa, sun haura ɗari. Studio Kalangou, tun 2016, yana shirya labarai da harsuna biyar: Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Tamajak da Fulatanci. Aikin yana can yana gudana da harsunanmu. Takardar digiri ce ta tsaya a baya.

Kuma babbar jami'armu sunan wa take ɗauke da shi? Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a nan jiharmu, masanin kimiyyar hasken rana, wanda tun 1964 ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka yana kare koyarwa da harsunan gida. Muna shiga ƙarƙashin sunansa, muna fita, shawararsa na nan a ajiye shekara sittin.

Hujjojin da ake kawo mana

Na tayar da maganar nan a aji, na tayar da ita a fada wajen shan shayi. Amsoshin da nake samu ba su wuce biyar ba. Bari mu bi su.

Ta farko: wai digirin dole ya samu karɓuwa a waje, CAMES ba za ta yarda ba. CAMES ɗin nan a Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, hedkwatarta na Wagadugu, aikinta tabbatar da inganci da daidaita takardu. Tsarin LMD yana ƙayyade yawan kiredi da zango. Abin da za a zuba a ciki kuwa malaman kowane sashe ne ke zama su tsara. In an samu wurin Ingilishi da ƙididdiga, to akwai wuri. A daina laɓewa bayan Wagadugu.

Ta biyu: wai ai kun iya Hausa tun daga gida, mi za a koya maku? To ɗan Faransa ma da Faransanci aka yi masa tawai, amma yana karanta shi tun daga firamare har jami'a, kuma ba a ɗaukarsa aikin jarida sai ya iya rubuta shi. Iya hira daban, iya aiki daban. Mu nawa ne a ajinmu za su iya rubuta shafi guda na Hausa bisa ƙa'idar rubutun da ƙasar nan ta tsayar tun 1999? Mu nawa suka san inda ake sa ƙ da inda ake sa k? Mu nawa za su iya bayyana kasafin kuɗin ƙaramar hukuma cikin minti biyu ba tare da sun tsoma budget da donc da en fait sau goma ba? Ni na gwada, na faɗi, a gaban shaidu.

Ta uku: wai harsunanmu ba su da kalmomin zamani, ba littattafai. Wannan ita ta fi ba ni dariya. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, ta ba da labarin yaƙin duniya na biyu da Hausa. BBC na watsa Hausa tun 1957, Muryar Jamus tun 1963, RFI tun 2007. Kullum suna maganar tattalin arziki da cututtuka da makaman nukiliya, ba su taɓa rufe tasha don kalma ta ƙare ba. Turawa sun ga Hausa ta isa a zuba mata kuɗi, mu masu ita muna cewa ba ta isa kiredi biyu ba. A jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato ana rubuta kundin digiri sukutum da Hausa a sassan harsuna. Inda kuma kalma ta yi ƙaranci da gaske, to ai aikin ɗan mastar ke nan: ya bi tsofaffi da ma'aikatan rediyo da malaman asibiti ya tattaro, ya tace, ya rubuta. Wannan bincike ne, ya fi kwafe babi daga intanet.

Ta huɗu, kuma ita ce mai nauyi: wai in an ce Hausa, an danne sauran. Wannan tsoro ne na gaskiya, ban raina shi ba. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa guda goma. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma na san akwai ƴan'uwanmu da abin bai kwanta masu ba. Shi ya sa ni ban ce Hausa kaɗai ba. Ɗan Dakoro ba zai faɗi haka ba, don a kasuwarmu Bahaushe da Bafulatani da Buzu kafaɗa da kafaɗa suke. Cewa na yi kowane ɗalibi ya ƙware a harshen ƙasa guda da ya zaɓa, ya kuma koyi gaisuwa da tambaya da sauraro a na biyu wanda ba nasa ba. Bahaushe ya ɗanɗani wahalar koyon Fulatanci ko Zabarmanci, ya san yadda wasu ke ji in an ce dole su yi tasa. Wannan zai fi haɗa kanmu fiye da duk wani jawabin haɗin kai.

Ta biyar: wai aiki na wajen ƙungiyoyin agaji da kamfanoni, su kuma Faransanci da Ingilishi suke nema. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a cire su. Ina son Faransancina, da shi na karanta duniya, ina kuma son Ingilishina ya fi haka. Amma ku lura da abin da ke faruwa bayan an ɗauke ka. A sa ka a mota a kai ka ƙauye wayar da kai, ka tsaya gaban mata da allon zane, sannan a nemo wani yaron gari a ba shi jikka biyu ya fassara abin da kake faɗi. Kai ka ci albashin, shi ya yi sadarwar. Ranar da masu ba da aikin suka gane haka, wa kuke jin za su riƙe?

Namu laifin

Kada mu ɗora wa malamai komai. Da yawansu sun san matsalar, wasu ma sun fi mu jin zafinta, amma jadawali ba ya canzawa in ba a matsa ba. Mu kuma ba mu matsa ba, don mu ma muna da ciwon.

Mu ne muke dariya in wani ya yi kuskuren le da la, amma mu rubuta Hausa yadda muka ga dama a Facebook ba mai jin kunya. Mu ne in mun dawo hutu muke jefa wa iyayenmu Faransanci a tsakar gida don a san mun yi nisa. Mu ne muke rububin sitaj a ofis mai na'urar sanyi a Yamai, inda aikinmu bai wuce hotokofi da kai takarda daga tebur zuwa tebur ba, a sa mana hannu mu karɓi kiredi. In an ce wa ɗayanmu ya je rediyon ƙauye wata uku, sai ya ce an rage masa daraja.

Ku dubi batutuwan memuwar ɗinmu. Sadarwar cikin gida a kamfanin kaza. Tasirin kafofin sada zumunta a kan matasan unguwa kaza ta Yamai. Shekara da shekaru batu ɗaya, sunan kamfani kawai ake canzawa. In ma wani ya yi ƙoƙari ya je ƙauye, da Hausa zai yi tambayoyinsa, tsofaffi su ba shi lokacinsu da iliminsu kyauta, ya dawo ya juye da Faransanci, ya kare a gaban mutum uku, a ajiye kundin a kanta ƙura ta rufe. Waɗanda suka ba shi maganar ba za su taɓa jin abin da ya yi da ita ba. In ɗan kasuwa ya yi haka da kayan mutane, mun san sunan da za mu kira shi.

Mahaifina sa ya sayar don in biya kuɗin shekarar farko. Ranar da na dawo ya tambaye ni, "To mi ake koya maku can?" Na buɗe baki na rasa ta inda zan fara. Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce, "Baba, yadda ake magana da mutane." Ya yi shiru, ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Har yau wannan shirun yana damuna. Mutumin da ya biya kuɗin karatun, ɗansa mai koyon sadarwa ya kasa gaya masa mi ya saya.

Abin da muke nema

Kuka ba tare da buƙata ba ɓata hawaye ne. Ga abin da nake ganin ya kamata mu kai gaban shugabannin sassanmu, a rubuce, da sa hannunmu.

Ɗaya. A ware aƙalla kiredi 12 cikin 120, kashi ɗaya cikin goma ke nan, don aiki da harsunan ƙasa: ƙa'idar rubutu, fassara daga Faransanci da komawa, rubuta labari don kunne, gabatar da shiri, jagorancin muhawara. Ya zama dole kamar yadda Ingilishi yake dole. Wanda ya faɗi ya maimaita.

Biyu. Jarrabawar ta zama ta aiki. A ba ɗalibi sanarwar hukuma, ko takardar likita, ko sashen wata doka, a ba shi awa guda, ya shiga gaban makirfo. A cikin masu ba da maki a sa wanda bai yi boko ba. In bai gane ba, ɗalibi bai ci ba.

Uku. Rabin sitaj a yi shi wajen manyan birane, a rediyon al'umma, ko gidan likita na karkara, ko hukumar kula da filaye ta ƙaramar hukuma. A kuma taimaka wa ɗalibi da kuɗin mota da na abinci, don kada abin ya zama na masu hali kaɗai.

Huɗu. Kowane memuwar ya zo da taƙaitawa ta shafi biyu da harshen ƙasa, da kuma shirin murya na minti goma. Wanda ya yi bincike a kan wasu mutane ya koma ya gaya masu abin da ya gano kafin a ba shi ranar karewa. Wanda kuma ya so rubuta kundinsa gaba ɗaya da harshen ƙasa, a buɗe masa ƙofa.

Biyar. A gayyato tsofaffin ma'aikatan rediyo, da sanƙirori, da masu shela, su shigo aji su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan duk malamin da aka gayyato. Makarantun horar da ƴan jarida irin su IFTIC da yanzu ake kira ESSCOM, da sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu, da gidajen rediyo, duk suna da mutanen da za su iya. Haɗa su ne ya rage.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabon gini ko tallafin waje. Zama ne na kwamitin malamai, da alƙalami, da niyya.

Na san wani zai ce, kai da ka kusa gamawa, ina ruwanka? Ruwana shi ne ƙanwata tana aji na ƙarshe a lise, kuma ta ce aikin jarida take so. Ba na son a sake sayar da wani san don a mayar da ita baƙuwa a garinsu. Kayan aro ba ya rufe katara, na gwada na gani.

Saboda haka ga aikin da nake roƙon duk wanda ɗan littafin nan ya shiga hannunsa. In kana karatun sadarwa, ko aikin jarida, ko wani fanni da ya shafi jama'a, a Yamai kake ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, je ka nemo jadawalin sashenku. Ƙirga kiredin da aka ba harsunan ƙasa. Rubuta adadin a bayan wannan shafi, ko da sifiri ne, musamman ma in sifiri ne. Ka zo da shi zamanmu na hutu mai zuwa, mu haɗa, mu rubuta takarda guda. In makarantarku ta riga ta gyara, ka zo mana da nata jadawalin mu nuna wa saura cewa ana iyawa.

Ni dai na koma wajen dattijon nan kafin hutu ya ƙare. Na ce, "Baba, ina son ka koya mini." Ya yi dariya ya ce in zo da asuba, in taho da biro, in bar kwat ɗin a gida. Kwana tara na yi ina bin sa. Ba a ba ni kiredi ko ɗaya ba.